Kan maganar ƙaramar makarantar cata da kika tambaya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki, kin ce kun koma Bronx a birnin New York, yarinyarki za ta shiga aji 6, an nuna miki wata ƙaramar makarantar cata (charter school) ta 'yan aji 6 zuwa 8, kin duba kin ga sakamakonsu ya fi na makarantar unguwa amma kuma kusan duk ɗaliban baƙaƙe ne da 'yan Latino 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, shi ne kike tambaya ko ki sa ta. Toh ni yarana biyu sun bi ta irin wannan makarantar, bari in gaya miki abin da na gani.

Da farko dai cata ba ta kuɗi ba ce, gwamnati ke biya, sisi ba za ki bayar ba sai na yunifom. Bambancinta kawai wata ƙungiya ce ke tafiyar da ita da kanta bisa yarjejeniya, a nan New York shekara 5 ne iyakar lasisin, in ba su taɓuka abin kirki ba ana iya ƙin sabunta musu. A Minnesota aka fara yin dokar a 1991, mu nan sai 1998. Shiga kuma ƙuri'a ce, ki tabbata kin cike fom kafin 1 ga Afrilu, kuma suna fifita wanda yayansa ko ƙaninsa ke ciki da 'yan gundumar da makarantar take.

Yanzu maganar sakamakon, nan ne ni ma aka ruɗe ni da farko. Jarrabawar jiha ta Turanci da lissafi mataki huɗu ce, wanda ya ci 3 ko 4 shi ake cewa ya kai, wannan kason ne suke bugawa ɓaro-ɓaro a jikin takardar talla. Amma kinga ƙaramar makaranta lissafinta daban ne. Ki ɗauka yara 40 ne a aji 8 gaba ɗaya, kowane yaro ɗaya kashi biyu da rabi ne cikin ɗari, yara huɗu kawai su kwana da mura ranar jarrabawa sai ki ga makaranta ta faɗi da kashi 10, wata shekarar kuma a samu 'yan ƙwari huɗu sai a ce ta yi tashin gwauron zabi. Don haka kar ki kalli shekara ɗaya, ki jera uku ko huɗu, ki tsallake 2020 don ba a yi jarrabawar ba saboda korona, 2021 ma yara da yawa ba su zauna ba.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Ki tambaye su yara nawa suka shiga aji 6, nawa ne daga cikinsu suka kai aji 8, kuma in yaro ya fita ana cike gurbinsa ko a'a. Wallahi a ajin babban ɗana ina ji ina gani abokansa suka dinga raguwa, wannan an ce zai maimaita aji uwar ta cire shi, wancan kullum ana kiran baban daga wurin aiki kan rigarsa ba ta cikin wando ko ya yi magana a layi har ya gaji ya mayar da shi makarantar unguwa. Ranar bikin gama aji 8 layi biyu na kujeru suka ishe su. Toh in marasa ƙarfin sun zube a hanya dole kason ya yi kyau mana, ba wai koyarwar ce ta yi abin al'ajabi ba. Ban ce duka haka suke ba fa, wadda ƙaramar 'yata ta yi malamar lissafinsu har lambarta ta ba mu, ƙarfe takwas na dare yarinya za ta kira ta kan aikin gida ta ɗauka.

Batun su waye ɗaliban kuwa, kar kalmar masu ƙaramin ƙarfi ta tsorata ki, Bronx ce fa, makarantar unguwar ma haka za ki tarar. Kuma wannan rukunin na baƙaƙe da suke rubutawa a bayanan makaranta ba ya gaya miki komai, ɗan Zangon Kumasi da Bafulatanin Gini da ɗan Jamaika da baƙar fatar Amurka duk kwando ɗaya aka zuba su. Ni layukan da nake dubawa a bayanan biyu ne, yara nawa ne masu koyon Turanci, nawa ne masu buƙata ta musamman. In kin ga nasu ya yi ƙasa sosai da na makarantar unguwa, toh gwajin da kike yi ba daidai ba ne, ba kaya iri ɗaya suka ɗauka ba. Tunda kin ce yarinyar ba ta daɗe da zuwa ƙasar nan ba, ki tambaya ƙarara wa zai zauna da ita kan Turanci, sau nawa a sati. Ƙaramar makaranta wani lokaci mutum ɗaya ne tal, in ya ajiye aiki a tsakiyar shekara shikenan.

Sai 'yan ƙananan abubuwa. Makarantun birni suna ba da hutun Sallah tun zamanin magajin gari de Blasio, amma cata ita ke tsara kalandarta, ki tambaya kar ranar Idi ta zo a rubuta mata fashi. Ki ji batun ɗankwali da yunifom, da wurin sallar azahar don da yawansu sai wajen ƙarfe huɗu suke tashi. Motar makaranta mai ruwan ɗorawa galibi a aji 6 take tsayawa, daga aji 7 kati za a ba ta ta hau bas ko jirgin ƙasa ita kaɗai. Sannan ki ji ko suna koyar da aljebra a aji 8 da kuma shirya yara jarrabawar SHSAT, ita ce ƙofar shiga fitattun makarantun sakandare irin su Bronx Science da Stuyvesant.

Ni dai da zan sake, zan cike fom ɗin don ba ya ɗaure ki da komai, sannan in je ƙofar makarantar lokacin tashi in tsaya da iyayen 'yan aji 8. In kina so ki yi min magana ta gefe, ranar Laraba ba na aiki sai mu je tare.