Amsa kan yadda ake ɗinka haruffan ƙyalle na bargo da na wasan yara

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Kin tambayi yadda za ki yanka haruffa daga ƙyalle ki ɗinka su a jikin bargon jariri, kuma ki yi wasu na daban da yara za su riƙa wasa da su. Na daɗe ina wannan ɗinki a nan Jos, inda sanyin hunturu yake sa iyaye neman bargo mai kauri, kuma ina ba ki shawara ki ɗauke su a matsayin aiki biyu, domin abin da ya dace da bargo bai dace da hannun yaro ba.

Kafin komai, ki wanke ƙyallen ki goge shi. Guntayen atamfa da teloli suke tarawa sun wadatar, amma wata atamfar tana zuba, wata kuma tana tsukewa, saboda haka idan ba a wanke ba, wankin farko zai ɓata farin yadin da ke ƙasa. Daga nan ki zana harafin a kwali, tsawonsa kamar inci 4, ki yanke shi ya zama ma'auninki.

Idan na bargo ne, ki manna wa bayan atamfar farin ƙyallen nan mai gam da ake sa wa wuyan riga, ki danne da dutsen guga, domin shi ne yake hana baki zarewa. Ana samunsa wajen masu kayan ɗinki a kasuwar Terminus da ke nan Jos. Da yake a bayan ƙyallen za ki yi zane, wajibi ne ki kifa kwalin, in ba haka ba harafin zai fito a juye. Bayan kin yanke, ki kafe shi da allura, ki bi gefensa da ɗinkin zigizag matsattse, kina rage gudun keke a kowace kwana.

Na wasa kuwa ƙyalle biyu ake haɗawa, a bar rabin inci na ɗinki, a cusa auduga da bayan fensir. A nan ne nake roƙonki ki yi bayan kowane harafi da yadi mai launi ɗaya, gabansa kuma da atamfa mai zane. Dalili shi ne, ƙaramin b idan yaro ya kifa shi ya zama d, kuma yaron da yake fara karatu yana buƙatar abin da zai nuna masa fuskar harafin. Kada ki sa maɓalli ko duwatsun ado ko kaɗan, domin jariri komai baki yake kaiwa, sannan ki maimaita ɗinkin ƙofar da kika cusa audugar sau biyu.

Ina kuma fata ba za ki tsaya kan haruffan Turanci ba. Waɗanda ake sayarwa a shaguna ba su da ɓ da ɗ da ƙ, alhali yarinya mai suna Bilƙisu ta cancanci ganin sunanta daidai a bargonta. Lanƙwasar nan ta sama ita ce wurin da ya fi saurin yagewa, don haka ki zana ta da faɗi fiye da yadda take a littafi, ki tsattsaga bakin ɗinkin da tsinin almakashi kafin ki juya, sai ta zauna ba tare da tattarewa ba.