Tambayi Likita: Me ake nufi da MND, PEG da FVC a takardar asibiti?

Wasiƙun wannan fitowar duk a kan ciwo ɗaya suke, wato MND, ciwon da ke kashe jijiyoyin da ke ba tsoka umarnin motsi. Likitocin da ke kula da wannan fili ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana da shekara 58. Hannunsa na dama ya rame, ba ya iya ɓalle maɓallin riga, naman dantsensa kuma yana ta rawa shi kaɗai. Wani likita ya rubuta MND, wani ya rubuta ALS, an ce a yi EMG. Dangi kuwa sun ce shanyewar ɓarin jiki ce. Wa za mu bi? Daga wani ɗalibi, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Likitocin biyu ba su saɓa wa juna ba. MND sunan rukunin cututtukan ne gaba ɗaya, ALS kuma shi ne nau'in da ya fi yawa a cikinsu. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fara bayyana shi a 1869.

Umarnin motsi zango biyu yake yi kafin ya kai ga tsoka. Jijiyar sama, wadda ake rubuta UMN, tana ɗauko shi daga ƙwaƙwalwa zuwa lakar gadon baya. Ta ƙasa, LMN, ita ke kai shi daga laka zuwa tsoka. Idan ta sama ta lalace gaɓa sai ta sandare, kuma ƙafa ta zabura da ƙarfi in likita ya buga gwiwa da 'yar gudumar roba. Idan ta ƙasa ce, tsoka ta rame ta riƙa rawa, kamar yadda kake gani a dantsen Baba. Ana cewa ALS ne idan alamun biyu sun haɗu. Nau'in da ake kira PLS jijiyar sama kaɗai yake taɓawa, kuma a hankali yake tafiya. Wanda ake kira PMA kuma ta ƙasa kaɗai yake taɓawa.

Shanyewar ɓarin jiki farat ɗaya take zuwa, sannan ta tsaya ko ta fara sauƙi. Wannan kuwa sannu a hankali yake ci, wata da watanni, daga gaɓa zuwa gaɓa, kuma mai shi yana jin taɓi da zafi da sanyi yadda ya saba. Ba shan inna ba ne, ba a kuma ɗaukarsa ta cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya. Ga sauran masu karatu: rawar nama ita kaɗai, ba tare da rauni ko ramewa ba, abu ne gama-gari. Gajiya da yawan cin goro ma suna kawo ta.

A gwajin EMG ana soka siririyar allura cikin tsoka a ga irin lantarkin da take fitarwa, a hannu da ƙafa da baya, wani lokaci har da harshe. Babu gwajin jini guda da ke tabbatar da ciwon. Ku nemi a yi hoton MRI na wuya, domin ƙashin wuya da ya danne laka yana iya kwaikwayon wannan ciwo, shi kuwa ana iya yi masa aiki. Likitan jijiya ne ya kamata ya yanke hukunci, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa kamar na Shika ko na Malam Aminu Kano.

TAMBAYA: Maigidana maganarsa ta fara harɗewa, yana ƙwarewa in ya sha ruwa, yawu kuma yana zuba. An rubuta “bulbar” a katinsa, an ce mu yi tunanin PEG. Yana cin tuwonsa, to gaggawar me ake yi? Daga wata uwargida, Katsina.

AMSA: Hajiya, Allah ya saka miki da haƙurin jinya. Waccan kalma tana nufin ciwon ya taɓa jijiyoyin gindin ƙwaƙwalwa, masu sarrafa harshe da leɓe da maƙogwaro. Abin tsoro a nan shi ne abinci ya bi hanyar iska ya sauka huhu, ya jawo ciwon huhu da zazzaɓi.

Ruwa tsinkakke ya fi tuwo haɗari, domin yana gangarawa kafin maƙogwaro ya rufe hanyar iska. Ki ba shi abin sha mai kauri kamar kunu ko fura da aka dama sosai. Ki guji abin da ke warwatsewa a baki, irin su dambu da ƙuli-ƙuli da gyaɗa, da kuma abin da ya haɗa tsinkakken romo da gutsattsari. Ya zauna a miƙe, ya ɗan sunkuyar da haɓa lokacin haɗiya, loma ƙarama, kuma kada a ja shi da hira yana ci. Bayan ya gama ya ci gaba da zama na minti 30. Idan muryarsa ta koma kamar mai kurkure maƙogwaro bayan haɗiya, wani abu ya maƙale, a dakata.

Sikeli zai amsa miki maganar gaggawa. Ku auna shi duk wata. Wanda ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa, wato kilo 3.5 ga mai kilo 70, lokacin tattauna PEG ya yi. Masu wannan ciwo da suka rame da wuri sun fi saurin galabaita, don haka a ƙara man shanu da madara da ƙwai a abincinsa, ban da in akwai wani ciwon da ya hana.

PEG ɗan bututu ne da ake sawa ta fatar ciki kai tsaye zuwa tumbi, da taimakon kyamarar da ake zurawa ta baki. Ba ya hana mutum ɗanɗana abin da yake so. Dalilin hanzari shi ne numfashi: aikin ya fi sauƙi da aminci tun ƙarfin numfashi bai faɗi ƙasa da kashi 50 ba. Iyalai da yawa sai haɗiya ta gagara ɗungum suke amincewa, a lokacin kuma ƙirji ya riga ya yi rauni. In an sa, a ɗaga kansa sama yayin ba da abinci, a kuma wanke bututun da ruwa mai tsabta kamar mililita 30 zuwa 50 kafin da bayan kowane abinci ko magani. Yawancin toshewa daga ƙwayar magani ce da ba a niƙa da kyau ba, ko kunun da aka bari ya bushe a ciki. Bututun da ake zurawa ta hanci, NG, na wucin gadi ne.

Yawun ba ƙaruwa ya yi ba, haɗiyarsa ce ta ragu. Likita kan ba da amitriptyline kaɗan da dare, ko ɗigon atropine a ƙarƙashin harshe. Suna iya sa yawu ya yi kauri, su kawo taurin bayan gida, dattijo kuma fitsari ya yi masa wuya. Idan kuma kika ga yana kuka ko dariya ba dalili, ciwon ne ke sa haka, kuma akwai magani.

TAMBAYA: An auna yayana an ce FVC ɗinsa 55 ne, ya sayi BiPAP. Mun ga tukunyar oksijin ta fi araha. Ba za ta wadatar ba? Daga wani ɗan kasuwa, Maraɗi.

AMSA: Malam, kada ku saya masa oksijin da kanku. FVC awo ne na yawan iskar da mutum zai iya hurawa waje bayan ya cika ƙirjinsa, 55 kuma na nufin kashi 55 cikin 100 na abin da ake tsammani ga mai shekarunsa da tsawonsa. Huhun yayanka lafiya lau yake. Tsokar da ke jan iska ce ta gaza, kamar zuga-zugin maƙeri da hannun mai zuga ya gaji. Matsalarsa ita ce gurɓatacciyar iskar da ya kamata ya fitar tana taruwa a jini. In aka ba shi oksijin zalla, ƙwaƙwalwa na iya rage tura numfashi, iskar ta ƙara taruwa, ya yi ta barci har ya kasa farkawa. Ko asibiti kuka kai shi cikin gaggawa, ku fara faɗa wa ma'aikata cewa MND gare shi.

BiPAP, wanda wasu ke rubuta NIV, inji ne da ke tura iska ta takunkumin fuska, da ƙarfi lokacin shaƙa, da sauƙi lokacin fitarwa. Alamun buƙatarsa da dare suke farawa: ciwon kai da asuba, gyangyaɗi da rana, kasa kwanciya rigingine, yawan farkawa. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2006 ya nuna ya ƙara wa waɗanda maƙogwaronsu bai yi tsanani ba tsawon rai na kimanin wata 7, barcinsu kuma ya gyaru.

Ya fara sabawa da shi da rana yana zaune, sannan ya kai aƙalla awa 4 kowane dare. Takunkumin da aka ɗaure tamau yana yanka karan hanci, wanda ya yi sako-sako kuma yana hura iska cikin ido. A duba matatar ƙura akai-akai, musamman da hunturu. Ku tanadi batir ko sola tun ranar farko. Kada a ba shi maganin barci sai da izinin likita.

TAMBAYA: Riluzole yana warkarwa? Kuma 'ya'yana za su gada? Daga wani malamin makaranta, Kumasi.

AMSA: Ba ya warkarwa, Malam, magani ne da ake ba masu MND don rage saurin ciwon. A gwaje-gwajen da aka yi, wata 2 zuwa 3 ya ƙara wa tsawon rai a matsakaici. Ana shan miligiram 50 sau biyu a rana, awa 1 kafin abinci ko awa 2 bayansa. Yana iya taɓa hanta, don haka ake gwajin jini duk wata a watanni ukun farko, daga nan duk bayan wata uku har shekara ta cika. Idan zazzaɓi ya zo, a koma asibiti a duba ƙwayoyin jini. In kuɗi bai isa komai ba, a ganinmu abinci da na'urar numfashi su ne a gaba. Duk mai tallar maganin da ya ce yana warkar da MND, kuɗinku yake nema.

Kimanin mutum 1 cikin 10 ne ke gadonsa. Idan babu wani a dangi da ya taɓa yin irinsa, ko ya yi ciwon sauyin hali da ruɗewar tunani tun bai tsufa ba, haɗarin ga 'ya'yanka kaɗan ne. In akwai, ka faɗa wa likita, shi zai duba ko ya dace a yi gwajin ƙwayoyin gado irin su SOD1 da C9orf72.