Ka shiga jarrabawar bana, Isuhu

Isuhu, ka tambaye ni ko ka shiga jarrabawar BTS bana, wato ta samun takardar shaidar babban ma'aikacin fasaha, ko ka bari sai hannunka ya ƙara faɗawa a wurin gini. Ka shiga. Maganar haɗa dosiye da biyan kuɗi kuwa kada ka ɓata mini lokaci da ita, ƙaramin yaro ma ya iya bin layi.

Shekara 14 ke nan, wani ɗan kwangila a nan Tawa ya samu aikin aji uku a wani ƙauye kan hanyar Ƙonni, ya ba ni ginin. Shi ke da takarda da hatimi, ni ke da cokali da magina. Ranar zuba dal, wato rufin beton, na ce masa beton mai ɗaukar nauyi kilo 350 na siminti yake ci a mita kib, buhu 7 ke nan. Ya aiko lissafin 5. Ba tsada ta hana shi ba, ga kamfanin simintin Malbaza kusa, biyun yake son cinyewa. Kwana 9 ya matsa a kwance katakon da ke tallafe da dal, alhali beton sai kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Da na yi magana, a gaban yarana ya ce a wace lakkol na yi karatu. Na haɗiye. Wannan shirun har gobe yana cin raina.

Damina ta biyu ba ta fita ba dal ya tsage. Masu bincike suka zo daga Yamai, suka zauna da shi a kan takardu, da Faransanci, ni ina tsaye a rana. Aka rubuta laifin magini ne. Ya riƙe mini jikka 900, sai filina na sayar na biya ma'aikata. Wallahi da ina da takarda, da a rubuce zan ƙi aikin, in sa hannu, in ga mai ɗora mini.

Ku yaran yanzu kuna son a ce muku injiniya ba ku iya gane yashi mai laka ba, hannu kullum a kan waya. Kai dai ka fi su dama, shi ya sa nake ɓata bakina. Lissafin ƙarfe yana da ɗumi a kanka yanzu. Ka yi shekara biyu cikin ƙurar siminti, zai tafi. Nemo tambayoyin shekarun baya, ka aje agogo, ka yi su ba leƙen littafi.

Daga la'asar na sallame ka har ranar jarrabawa. Safiya kuwa tawa ce. Gobe ka riga ni zuwa, akwai ƙarfen gini mai lamba 12 da za a ɗaure.