Tambaya da Amsa: Ina binciken lamunin masu kawo kaya ya dosa?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a sashen nazarin harkokin kuɗi, kuma ina son rubuta kundin digiri na biyu a kan lamunin da bankuna ke bai wa masu kawo wa manyan kamfanoni kaya. Wane ɓangare masu bincike suka fi mayar da hankali a kai yanzu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, a wannan tsari babban kamfani yakan ɗauki kaya bashi, ya tabbatar wa banki zai biya, sai bankin ya biya mai kayan da wuri bayan ya cire ladansa, sannan ya jira wa'adi ya karɓa daga kamfanin. Binciken farko yabon tsarin ya fi yawa a cikinsa, inda ake yawan kafa hujja da shirin da bankin raya ƙasa na Meziko, Nafin, ya fara a 2001, wanda ya ba ƙananan 'yan kasuwa damar samun kuɗi da sauƙin ruwa saboda amanar babban mai saye.

Abin da ya sauya akalar binciken shi ne rugujewar kamfanin gine-gine na Carillion, wanda ke amfani da wannan tsari, a Ingila a 2018, sannan ta Greensill Capital, kamfanin da ke ba da irin wannan lamuni, a watan Maris na 2021, wadda ta sa bankin Credit Suisse ya dakatar da asusun zuba jari na kusan dala biliyan 10 da ke da alaƙa da Greensill. Daga nan tambayar ta koma ta wanda ke ɗauke da asara, domin an gano cewa kamfani na iya tsawaita wa'adin biya, ya rubuta abin da a zahiri bashin banki ne a matsayin kuɗin kaya kawai, masu hannun jari ba su sani ba. Shi ya sa hukumar tsara ƙa'idojin lissafin kuɗi ta duniya ta wajabta bayyana irin wannan yarjejeniya daga Janairun 2024. A ganina nan ne ɗalibi zai fi samun abin yi, tunda alƙaluman da a da suke ɓoye yanzu suna cikin rahoton shekara na kamfanoni.

Fasahar bulokcen, wato rajistar ciniki ta intanet da ɓangarori da yawa ke riƙe da ita tare, ta ja rubuce-rubuce masu yawa, amma dandalin we.trade na bankunan Turai, wanda aka gina a kanta, ya rufe a 2021, don haka kada ka gina kundinka a kan alƙawuranta kaɗai. Ana kuma nazarin rage ruwa ga mai kayan da ya kiyaye muhalli da haƙƙin ma'aikata, kamar yadda kamfanin kayan wasanni na Puma ya fara a 2016.

Idan kana da sha'awar bankin Musulunci, ka duba batun sayar da bashi a ƙasa da ƙimarsa, wanda akasarin malamai suka hana alhali Malesiya ta halasta, domin a kansa ne halaccin tsarin gaba ɗaya ya rataya.