Hukuncin kama haya kafin sayen gida a unguwar haɗaka

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina zaune da iyalina a jihar Kalifoniya ta Amurka. Mun samu gida a irin unguwannin nan da kowa ke da gidansa, amma ana tarayya a babban zaure da kicin da filin wasan yara, ana kuma cin abincin dare tare wasu ranaku. Mai gidan ya ce in zauna haya shekara guda, in na gamsu in saya. Amma zan ba shi kafin alƙalami tun yanzu, wanda ba ya dawowa idan na fasa. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, hayar halal ce, sayen ma halal ne, kuma gabatar da haya a nan dabara ce mai kyau. Wannan tsarin zama daga Danmak ya taso wajajen 1972, ya shiga Amurka a 1991 a garin Debis na jiharku. Wanda ya sayi gida a cikinsa ya sayi maƙwabta ne har da tukunyarsu, ga taron yanke shawara, ga aikin gayya, ga kuɗin wata. Ba a gane wannan da ziyarar yini guda.

Inda ake zamewa shi ne cakuɗa ƙulli biyu, na haya da na saye. Annabi (SAW) ya hana ciniki biyu a cikin ciniki ɗaya, kamar yadda Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta hana a ɗora haya da saye a kan abu ɗaya a lokaci ɗaya, ta kuma halatta idan an raba su: haya ta gaske yanzu, da alƙawarin sayarwa daban, sannan a ƙulla ciniki bayan hayar ta ƙare. Ga yadda za ka gwada takardarku. A tsakiyar sanyi rufi ya fara yoyo, ko na'urar ɗumama gida ta mutu ba da sakacinka ba, wa zai biya? Idan mai gida ne, kai ɗan haya ne. Idan an jibga maka, an ba ka nauyin mai gida alhali ba a ba ka gidan ba, sai a gyara wannan sharaɗi kafin ka sa hannu.

Kuɗin da ba ya dawowa kuwa shi ne malamai ke kira arbun. Imamu Malik ya kawo hani a kansa a Muwaɗɗa, kuma a kan haka mazhabarmu take, don mai gida zai ci kuɗi ba tare da ya ba da komai ba. Imamu Ahmad ya halatta, majalisar nan ma ta bi shi a 1993 da sharaɗin a yanke wa'adi, kuma kuɗin ya shiga cikin farashi idan an saya. Ni na fi so ka nemi a rubuta cewa za a mayar maka da shi. Idan ya ƙi, kuma wa'adi da farashi a bayyane suke, ba zan ce ka ci haram ba.

Sai dai abin da ya fi damuna ba ka ma tambaye shi ba, wato teburin. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa mai imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. A shekarar hayar nan ka shiga kicin ranar girkinka ka duba da idonka: da wane kasko aka soya naman alade jiya, ana ajiye kwalba a tsakiyar tebur ko kowa a gidansa yake sha, kuma kuɗin watan da kake biya ana sayen giyar biki da shi? Ka faɗi buƙatarka a taronsu tun kana ɗan haya, don yawancinsu sai kowa ya yarda suke zartar da abu. Ka kuma tambayi uwargida, ita da yara za su fi ka sanin wurin. Haƙƙin maƙwabtaka na aya ta 36 a Suratun Nisa'i ya hau kanka ko da ba Musulmi ba ne, kuma dokokin da ka amince da su sun zama alƙawari matuƙar ba su halatta haram ba.

Idan lokacin saye ya zo, bashin banki mai ruwa mas'ala ce daban, ka aiko da takardar mu duba ta. Wallahu a'alam.