Shin dole ne mace ta ɗaura ɗankwali a coci?

Tambaya: Baba fasto, ranar Lahadi na je sujada ba ɗankwali, wata mama ta tare ni a bakin ƙofa ta miƙo min hankici wai in ɗora a kai. Na ji kunya sosai. Dole ne? In dole ne, ashe mace ba daidai take da namiji a gaban Allah ba ke nan?

Amsa: 'Yata, sannu. Na san wannan hankicin, na sha ganin yarinya ta ɗora shi a kan kitso tana riƙe da hannu ɗaya kar ya faɗi, har a tashi ba ta ji wa'azin ba. Abin yana damuna.

Maganar daga 1 Korantiyawa 11:2-16 take, inda aka ce mace ta rufe kai in tana addu'a ko annabci, namiji kuma kar ya rufe. Manzo Bulus ya rubuta wasiƙar daga Afisa wajen shekara ta 55, zuwa Koranti, birnin da ke ƙarƙashin Romawa, inda matar aure mai mutunci ke jan mayafi a kai in za ta shiga jama'a. Maza ma, Barome in zai miƙa hadaya ga gunki yakan ja rigarsa ya rufe kai, har an tono gunkin Kaisar Augustus a Koranti da kai a lulluɓe, to kin ga da Bulus ya ce namiji kar ya rufe kai akwai abin da mutanen garin ke gani kullum.

Kiristoci sun rabu a kan fassarar, kuma kowane ɓangare akwai masu tsoron Allah. Wasu sun ce umarni ne har abada tunda Bulus ya kawo maganar halitta a aya 8 da 9 da ta mala'iku a aya 10, shi ya sa har gobe matan cocin Otodoks a Rasha da Habasha ke lulluɓi, haka ɗarikar Amish a Amurka, a nan gida kuma Deeper Life. Wasu sun ce al'adar lokacin ce, abin da ake nema shi ne kunya da mutunci. Wasu kuma suka tsaya a aya 15 cewa gashin ne ma abin rufin. Katolika sun sa shi a dokar coci ta 1917, da aka sake dokar a 1983 ba a maido shi ba.

Amma ki buɗe aya 5 ki karanta a hankali, don nan ne mutane ke tsallakewa. Mace da ke ADDU'A ko ANNABCI ake magana a kai. Wato Bulus ya riga ya ɗauka cewa macen nan a tsaye take cikin taro, muryarta na fita, maza na saurare. Gardamar a kan shigarta ce kawai. Sai ki ga an riƙe ɗankwalin gam amma an hana ta ko karanta nassi, gaskiya rabin ayar aka ɗauka. Na san za a ce ai sura 14 ta ce mata su yi shiru, haka ne, amma mutum ɗaya ne ya rubuta su a wasiƙa ɗaya, ni a fahimtata surutu da tambayoyi a tsakiyar sujada yake tsawatarwa. Shi ne kuma ya ce a aya 11 da 12 mace daga namiji ta fito, namiji kuma mace ce ta haife shi, a Galatiyawa 3:28 ya ce ba namiji ba mace, duk ɗaya ne cikin Almasihu. Filibus 'ya'yansa mata huɗu suna annabci. Bilkisu tare da mijinta Akila suka zaunar da Afolos suka gyara masa koyarwa. Batun naɗa mace fasto wannan wata doguwar magana ce, ɗariku sun bambanta.

Shawarata, in ikilisiyarku ɗaurawa ake yi, ki ɗaura, a Arewa ɗankwali suturar mutunci ce tun kafin mishan su zo, kuma ki dubi iyayenmu na Zumuntar Mata ranar taronsu, anko da ɗauri, suna kaɗa tulu da caki, ba wanda zai ce an danne su. Amma cetonki bai rataya a ƙyalle ba, Allah ya ji addu'arki ta ranar nan sarai. Ita maman ki same ta a gefe ki gaishe ta, ki faɗa mata yadda kika ji. Ni ma zan tayar da maganar a zaman dattawanmu, domin akwai yaran da daga ranar hankicin ba mu sake ganinsu ba.