Filin Likitan Fata: Ƙaiƙayin da ke lafawa ya dawo

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗana ɗan shekara 4 yana fama da ƙaiƙayi a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa tun yana jariri. In na shafa masa magani sai ya lafa, bayan mako biyu ya dawo. Ba ya warkewa ne? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba shi lafiya. Bayaninki ya yi kama da egzima, wato ciwon bushewar fata mai ƙaiƙayi, amma sai likita ya gani da ido kafin a tabbatar. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma ba ƙazanta ke kawo ta ba. Fatar ce ba ta iya riƙe laima, sai ta bushe ta tsage, sabulu da zufa da ƙura su samu hanyar shiga. A baƙar fata ba lallai wurin ya yi ja ba, yakan yi duhu ko toka-toka, ya yi kauri saboda susa. Yara da yawa kan samu sauƙi sosai in sun girma.

Abin da ke dawo da ita yawanci shi ne a daina shafa mai da zarar wurin ya lafa. Magani yana kwantar da kumburi ne kawai, man shafawa shi ke tsare fatar, kuma na kullum ne. Ki yi masa wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan na minti 5 zuwa 10, ban da soso, ban da sabulu mai ƙamshi. Ki dinga ɗora tawul kina ɗagawa, kada ki goge. Cikin minti 3 ki shafa mai kauri marar turare, irin su Vaseline, kina bin yadda gashi ya kwanta don kada ƙofofin gashi su toshe. Aƙalla sau biyu a rana. Yaro mai egzima a yawancin jiki zai iya cinye giram 250 a mako, kada ki ga kamar ɓarna ce. Ki ɗebo da cokali mai tsabta, domin yatsa na kai ƙwayoyin cuta cikin kwalba. A kuma nisanta shi da wuta, tufafin da suka sha mai saurin kamawa suke yi.

In ta tashi, a shafa man sitiroyid, wato maganin kwantar da kumburi, wanda likita ya rubuta, a wurin ciwon kaɗai. Ma'auninsa: a matso daga kan yatsan manuniya na babba zuwa gaɓar farko, wato kusan rabin giram, ya isa faɗin tafin hannu biyu. Sau ɗaya ko biyu a rana, kwana 7 zuwa 14, da tazarar kamar minti 30 tsakaninsa da mai. Ki yanke masa farce, ki sa masa kayan auduga. In kika ga ɓawon rawaya, mugunya, zazzaɓi, ko ƙananan bororo masu zafi sun fito a taru, a tafi asibiti ranar.

Tambaya: Likita, wata 8 ke nan ina shafa clobetasol a fuska saboda tabo. Yanzu in na daina sai fuskar ta yi zafi da ƙuraje. Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ya dame mu ƙwarai, don clobetasol yana cikin mafi ƙarfin sitiroyid, kuma ba na fuska ba ne. Daɗewa ana shafa shi yana sirantar da fata, jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su fito, a jiki kuma ya bar nankarwa wadda ba ta gogewa. Zafin da kike ji alama ce fatar ta saba da shi. Ki je wurin likitan fata ya tsara miki yadda za ki janye, sau da yawa ta hanyar rage kwanaki ko komawa mai sauƙi. Makonnin farko za su yi wuya, ki daure. Ki riƙe mai marar turare da man kare rana mai lamba SPF 30 ko sama, saboda rana ce ke ƙara wa tabo duhu, kuma tabo kan ɗauki watanni kafin ya dushe.

Tambaya: Makero ya fito mini, na shafa man da ya haɗa magani uku, sai ya ƙara faɗi. Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗan'uwa, sitiroyid ɗin da ke ciki ne ya kashe ƙaiƙayin ya bar naman gwarin da ke kawo makeron yana bazuwa. Ka koma clotrimazole zalla, wato man kashe naman gwari, sau biyu a rana, mako 2 zuwa 4, kana zarce gefen da'irar kaɗan. Kada ka haɗa tawul da kowa. In a fatar kai ne ko farce, shafawa ba ta isa, sai likita ya rubuta na sha.